Dala 80 a Kan Gem Ɗaya: Tarihin Farashin Wasan Bidiyo, Daga Amurka Zuwa Birnin Kudu

Ranar 5 ga Yunin 2025 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da sabuwar na'urarsa ta wasan bidiyo, Switch 2, tare da wasan tseren motoci mai suna Mario Kart World, wanda ya yanka wa farashin dala 79.99 a Amurka. A canjin wancan lokaci, da dala ke kan naira 1,500 da 'yan kai, kuɗin ya haura naira 120,000. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya kuwa, bisa dokar da aka sanya wa hannu a Yulin 2024, naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan mataki a Birnin Kudu ko Gwaram zai yi aikin wata guda da makonni uku, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara kuɗin wasa ɗaya. Takwaransa na Amurka, mai karɓar dala 7.25 a awa, zai tara su cikin awa 11.

Wannan lissafi bai hana buga gem a garuruwan nan ba. Duk wanda ya san bayan tasha ko layin masu cajin waya ya san irin shagon: benci biyu, talabijin biyu ko uku, na'urar PlayStation da ta sha hannu, ƙaramin janareto yana ruri a waje, samari suna jiran layi. A nan ba mai sayen wasa ya tafi da shi gida. Ana biyan kuɗin karawa ɗaya ta ƙwallo, ta 'yan mintuna, sau da yawa kuma wanda aka ci shi ke miƙa hannun gem ga na gaba. Matashin da ya shigo Birnin Kudu daga Surko yana iya buga wasan da aka kashe miliyoyin daloli wajen haɗa shi da canjin da ya rage masa na kuɗin mota.

Tsakanin waccan dala 80 da wannan canji akwai muhawarar da ta raba kan masana'antar wasannin bidiyo: shin wasan da ya ci maƙudan kuɗi ya cancanci a sayar da shi da tsada fiye da sauran? Manyan kamfanoni na cewa jarin da suke zubawa ya ninka sau da yawa alhali farashi ya daɗe a tsaye. Tarihin shekara 50 na wannan kasuwa ya nuna cewa da wuya farashi ya bi sawun jarin da aka zuba. Abin da ya fi bi shi ne hanyar da kaya ke bi zuwa hannun mai saye, da nauyin da aljihunsa zai iya ɗauka. Ƙasar Hausa ma ta taɓa gwada wannan al'amari da kanta, a kasuwar finafinan Kano.

Farashin farko kuɗin zama ne

A 1972 wani ƙaramin kamfani a jihar Kalifoniya mai suna Atari ya ajiye wani akwati mai allon talabijin a wata mashaya a garin Sunnyvale. Sunan wasan Pong. Mai son bugawa zai jefa tsabar senti 25, wato kwatan dala, ya buga na 'yan mintuna, ya ba wani wuri. Cikin 'yan kwanaki akwatin ya daina aiki, da aka buɗe sai aka tarar tsabar kuɗi ce ta cika shi maƙil. A Japan, wasan Space Invaders na 1978 ya ci kasuwa a kan yen 100 kowane zama, Pac-Man ya biyo baya a 1980. Ke nan tsarin da gidajen gem na Arewa ke bi a yau shi ne mafi daɗewa a wannan sana'a: mutum ɗaya ya sayi na'ura, jama'a su riƙa biyan kuɗin zama.

Sayen wasa a mallake shi ya bunƙasa ne da na'urar Atari 2600, wadda ta fito a 1977 a kan dala 199, ana sa mata kaset mai ɗauke da wasa. Kasuwa ta buɗe, kowa ya shigo da nasa kaset, mai kyau da maras kyau. A 1982 Atari ya biya abin da ya haura dala miliyan 20 don samun izinin yin wasa a kan fim ɗin E.T., sannan ya ba mai haɗa wasan, Howard Scott Warshaw, kimanin makonni biyar kacal don a riski kasuwar Kirsimeti. Wasan bai yi armashi ba, shaguna suka riƙa mayar da shi. A 1983 kamfanin ya kwashi dubban ɗaruruwan kaset da suka yi kwantai ya binne a wani juji a garin Alamogordo, inda aka tono wasu a 2014. A wannan shekara ta 1983 kasuwar gaba ɗaya ta durƙushe a Amurka, kaset ɗin da ake sayarwa dala 30 ya koma dala 5. Darasin farko ke nan: dala miliyan 20 da aka kashe ba ta sa wani yaro ya ji daɗin wasan ba, kuma ba ta hana shi yin kwantai ba.

Zamanin kaset da zuwan faifai

Nintendo ne ya farfaɗo da kasuwar, da na'urar Famicom a Japan a 1983, wadda ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Ya ɗauki darasi daga faɗuwar Atari, ya riƙe wuyan kasuwa da kyau: shi ke ƙera kaset, shi ke ba da izini, kuma ya taƙaita wa kowane kamfani wasanni biyar a shekara a Amurka. Kaset na gem ba irin na rediyo ba ne, ƙananan na'urorin lantarki ne a cikinsa masu tsadar ƙira, kuma gwargwadon girman wasa gwargwadon tsadarsu. Shi ya sa a farkon shekarun 1990 farashi bai zama ɗaya ba. Akwai na dala 50, akwai na 70, har kamfanin Sega ya sayar da Virtua Racing a kan dala 100 a 1994 saboda wata na'ura ta musamman da aka dasa a cikin kaset ɗin. Wannan dala 100 ta haura dala 200 a kuɗin yau. Abin da ya yi tsada a lokacin shi ne mazubin, domin masu haɗa wasa ba su da yawa, aikin kuma bai cika wuce shekara ɗaya ko biyu ba.

Sai Sony ya shigo da PlayStation, a Japan a Disambar 1994, a Amurka a Satumbar 1995, yana amfani da faifan CD. Buga faifai ɗaya bai wuce dala ɗaya ko biyu ba, kuma yana ɗaukar abin da kaset da yawa ba za su ɗauka ba. Nan da nan farashi ya sauko tsakanin dala 40 da 50. Misali mafi bayyana shi ne Final Fantasy VII na 1997, wanda haɗa shi ya ci kimanin dala miliyan 40, adadin da ba a saba jin irinsa ba a lokacin. An sayar da shi a faifai uku a kan dala 50, ƙasa da kuɗin wasu wasannin kaset na Nintendo 64 waɗanda ba su ci rabin wannan jari ba. Ya mayar da kuɗinsa ta hanyar yawan masu saye, domin an sayar da kwafi kusan miliyan 10. Jari ya hau, farashi ya sauka, riba kuma ta ƙaru, duk a lokaci guda.

Yadda gem ya iso Arewa

Wannan farashi na dala bai taɓa isowa kasuwannin Arewa yadda yake ba. Yaran da suka taso a Kano, Zariya ko Dutse a shekarun 1990 sun fara sanin gem ne ta kwaikwayon Famicom da ake ƙerawa a Taiwan da Sin, masu zuwa da kaset rawaya da aka rubuta wa cewa yana ɗauke da wasanni dubu tara da ɗoriya, alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sunaye daban. Ba sisin kwabo daga wannan ciniki da ya koma Japan.

PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, ita ce ta kafa gidajen gem da gaske. An sayar da fiye da miliyan 155 a duniya kafin a daina ƙera ta a farkon 2013, don haka ta cika kasuwar gwanjo, kuma mai gyara na iya dasa mata cip da zai sa ta karɓi faifan da aka gurza. Faifan kan taso daga kasuwar Alaba ta Legas, ya sauka Sabon Gari a Kano, daga nan ya watsu zuwa garuruwa irin su Birnin Kudu a jakar 'yan tireda. Wasan da ya mamaye shagunan shi ne na ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami, Winning Eleven, wanda aka fi sani daga baya da PES, sai kuma FIFA na kamfanin EA. Dalili a fili yake: karawa ɗaya 'yan mintuna ce, mutum biyu ke yi, ba ta buƙatar jin Turanci, kuma samarin da suka kalli Arsenal da Chelsea a gidan kallo jiya suna son su rama yau da hannunsu. Doguwar tatsuniya mai cin awa 40, irin wadda kamfanoni ke zuba mafi yawan jarinsu a kai, ba ta da gurbi a shagon da ake jiran layi.

Satar fasaha ce, babu ja. Sai dai tana nuna wani abu da masu yanke farashi ba su cika dubawa ba: inda farashin hukuma ya fi ƙarfin jama'a nesa ba kusa ba, kasuwa kan ƙirƙiro nata, mai kayan kuma ya tashi a tutar babu.

Dala 60 da ta tsaya shekara 15

Da fitowar Xbox 360 a Nuwamban 2005, manyan wasanni irin su Call of Duty 2 suka hau dala 59.99. A nan farashin ya kafe har 2020. Cikin waɗannan shekaru hauhawar farashi ta ci darajar kuɗin, ta yadda dala 60 ta 2005 ta yi daidai da kusan dala 80 a 2020, da kusan dala 100 a 2025. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a hannun kamfanoni, kuma gaskiya ce.

Sai dai alƙalamin da ke jikin kwali ne kawai ya tsaya. Duk mai sayen ƙosai ya san abin da ke faruwa idan mai tuya ta kasa ƙara kuɗi: ƙosan ne ke ƙanƙancewa. A 2006 kamfanin Bethesda ya sayar wa masu wasan Oblivion sulken doki a kan dala 2.50. An yi masa dariya, amma ƙofa ta buɗe. Aka shiga yanka wasa gunduwa-gunduwa, ana sayar da ƙarin babi daban, kayan ado daban, da bugu na musamman mai tsada ga mai son fara wasa kwana uku kafin kowa. A 2009 EA ya shigo da tsarin Ultimate Team a cikin FIFA, inda mai wasa ke sayen ƙunshin 'yan ƙwallo a rufe, bai san wanda zai samu ba sai ya buɗe. Cinikin biri a sama ke nan. A shekarar kuɗi ta 2021 wannan tsari kaɗai ya kawo wa EA dala biliyan 1.62 daga wasanninsa na motsa jiki. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan ƙunshi caca ne, EA kuma ya daina sayar da shi da kuɗi a ƙasar a Janairun 2019.

Wasu kuɗaɗen kuma sun ragu. Da saye ya koma saukewa ta intanet, babu sauran kuɗin faifai, kwali, dako da ajiya, kuma mai saye ba zai iya sayar da tsohon wasansa ga wani ba. Masu manyan shagunan intanet, wato Sony, Microsoft, Nintendo da Valve, suna cire kusan kashi 30 cikin 100 a matsayin la'ada, amma farashin saukewa bai sauko ƙasa da na faifai ba. Masu saye kuma sun ninka. Grand Theft Auto V, da ya fito a Satumbar 2013, ya tara dala biliyan ɗaya cikin kwana uku, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 200.

A Yulin 2020 kamfanin Take-Two ya sanar da cewa NBA 2K21 zai zama dala 69.99 a sababbin na'urori. Sony ya bi sahu a Nuwamba da fitowar PlayStation 5, Microsoft da Nintendo suka biyo a 2023. Matakin dala 60 ya yi shekara 15, na dala 70 bai cika biyar ba aka fara taka na 80.

Abin da Ƙofar Wambai ta riga ta gani

Mai karatun da ya san tarihin finafinan Hausa zai ga kamar ya taɓa jin wannan labari. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, harkar ta ginu ne a kan kaset na bidiyo da dillalan kasuwar Ƙofar Wambai da na Bata a Kano. Tsarin da ya kafu shi ne na kwali. Furodusa zai gama fim, ya buga kwalaye, ya kai wa dillalai asalin kaset ɗin. Su ne za su gurza kwafi a kan kaset ɗinsu, shi kuwa abin da zai samu shi ne kuɗin kowane kwali da aka sayar. Kuɗin kwali kusan ɗaya ne ga kowa. Wanda ya kwashi 'yan wasa zuwa wani gari ya yi makonni yana ɗauka, da wanda ya gama nasa cikin kwana uku a bayan gari, farashi ɗaya kasuwa ta yanka musu.

Abin da ya biyo baya ya yi kama da na wasan bidiyo ƙwarai. Tunda ba a iya ƙara kuɗin kwali, sai aka ƙara yawan kwalayen: fim ɗaya ya zama na ɗaya da na biyu, wani har na uku da na huɗu, a tsaya daidai inda rai ke son ganin ƙarshe. Marubutan littattafan soyayya na Kano sun riga su bin wannan hanya, shi ya sa littafi irin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito kashi-kashi. Haka kuma girman jari bai taɓa zama tabbacin ciniki ba. Sangaya da Wasila sun yi kasuwa saboda waƙoƙi da labarin sun shiga ran jama'a. Finafinan barkwanci na camama, irin na marigayi Rabilu Musa Ibro, waɗanda ba su cin kuɗi sosai, sau da yawa sun fi masu tsada tafiya, musamman a karkara. Mai saye a kasuwar ƙauye bai taɓa tambayar nawa furodusa ya kashe ba. Fuskar da ke jikin kwali yake dubawa, da abin da ya ji daga bakin waɗanda suka kalla.

Ƙarshen tsarin bai zo ta hanyar farashi ba. A tsakiyar shekarun 2010 wayar hannu ta kashe faifai. Masu tura finafinai a waya suka cika bakin titi, finafinan Indiya da aka fassara da Hausa suka raba masu kallo, dillalai da yawa suka koma wata sana'a. Furodusoshi suka rabu biyu. Wasu suka ƙara jari suka nufi silima, kamar yadda Ali Nuhu ya yi da Mansoor a 2017, sai dai gidajen silima na zamani a Arewa ba su da yawa. Wasu suka koma shiri mai dogon zango a tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube, inda Izzar So da Labarina suka tara miliyoyin masu kallo. A can mai kallo ba ya biyan kuɗin fim, data yake saye, masu talla ne ke biyan furodusa.

Wasan bidiyo ya bi wannan turba a lokaci kusan ɗaya. Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty Mobile a 2019, duk kyauta a waya, ana samun kuɗi daga 'yan tsirarun da ke sayen kayan ado. A 2021 Konami ya kashe sunan PES ya mayar da wasan eFootball, shi ma kyauta. Ga yawancin matasan Jigawa masu wayar Android, wannan ne gem a yau.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Alƙaluman jari suna da ban tsoro, kuma kamfanoni ba su so a san su ba. A Yunin 2023, a shari'ar da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta yi da Microsoft, wata takardar Sony da ba a shafe ta da kyau ba ta nuna cewa The Last of Us Part II ya ci dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma miliyan 212. Wata takardar kotu da ta fito a farkon 2025 ta nuna Call of Duty: Black Ops Cold War ya ci fiye da dala miliyan 700 tsawon rayuwarsa. Mafi yawan kuɗin albashi ne, na ɗaruruwan ma'aikata cikin shekara biyar ko shida. Shawn Layden, tsohon shugaban sashen haɗa wasanni na PlayStation, ya yi gargaɗi tun 2020 cewa jarin na ninkawa da kowace sabuwar na'ura, kuma tafiyar ba za ta ɗore ba. An sallami fiye da ma'aikata 10,000 a masana'antar a 2023, aka sallami fiye da haka a 2024. Masu goyon bayan ƙari na da wata hujja mai nauyi: gara farashi bayyananne, a biya sau ɗaya a huta, da wasa mai araha wanda ke tatsar yara ta hanyar caca.

Amma kasuwa ba ta tabbatar da cewa jari ne ke jawo mai saye ba. A Fabrairun 2024 shugaban Ubisoft, Yves Guillemot, ya kare farashin dala 70 na Skull and Bones da cewa girmansa ya wuce na sauran manyan wasanni, bayan an shafe kimanin shekara goma ana aikinsa. Jama'a ba su yi rububinsa ba. Warner Bros. ya bayyana asarar dala miliyan 200 a kan Suicide Squad a wannan shekara. Sony ya fitar da Concord ranar 23 ga Agustan 2024, ya janye shi bayan makonni biyu, ya mayar wa kowa kuɗinsa. A ɗaya gefen, Stardew Valley, wanda mutum ɗaya, Eric Barone, ya haɗa ya fitar a 2016 a kan dala 15, ya sayar da fiye da kwafi miliyan 40. Helldivers 2 mai dala 40 ya sayar da miliyan 12 cikin makonni 12. Ko Black Ops Cold War mai dala miliyan 700 ya sayar da kwafi miliyan 30, don haka yawan masu saye ya biya shi ba tare da ya kai dala 80 ba.

Microsoft ya gwada zurfin ruwan da kansa. A Mayun 2025 ya sanar da cewa wasu sababbin wasanninsa za su koma dala 79.99, ya kuma sa wa The Outer Worlds 2 wannan farashi. A Yuli ya janye, ya mayar da shi 69.99. Nintendo bai janye nasa ba, domin mai son Mario ba shi da wani wurin da zai same shi. Bambancin kamfanonin biyu bai shafi wanda ya fi kashe kuɗi ba. Ɗaya yana da kayan da mai saye ba zai iya haƙura da shi ba, ɗayan kuma ya gane nasa bai kai nan ba.

Amsar da tarihi ke bayarwa ke nan. Mai kaya na da ikon faɗin kuɗin da yake so, ya ce albarka ga tayin da bai yi masa ba. Wasan da ya ba mai shi awa 100 na jin daɗi, ba tare da tatsa ta bayan fage ba, yana iya cancantar dala 80. Amma jarin da aka zuba kasada ce ta mai kaya, ba bashi ba ne a wuyan mai saye. Idan kuma za a bar tsarin farashi ɗaya, adalci ya buƙaci ƙofar ta buɗe ta fuska biyu, ƙaramin wasa ya sauko kamar yadda babba ya hau, wanda ya ƙara kuɗi a kwali kuma ya rage tatsar da ke ciki.

Farashi ɗaya, aljihu daban-daban

Akwai ɓangaren da muhawarar ta Amurka da Turai ta cika tsallakewa, shi ne na wurin da mai saye yake zaune. Tunda ƙarin kwafi ɗaya ta intanet ba ya cin kamfani komai, sayar da shi da rahusa a ƙasa mai ƙaramin ƙarfi riba ce, ba asara ba. Shagon Steam ya daɗe yana ba da damar rage farashi a ƙasashe irin su Indiya, Turkiyya da Ajantina. Masu wayo daga ƙasashe masu arziki suka riƙa sauya adireshi suna saye a can, kuɗin Turkiyya da na Ajantina kuma suka yi ta faɗuwa, har a Nuwamban 2023 Valve ya mayar da ƙasashen biyu biya da dala.

Ɗan Najeriya bai ma kai ga wannan ba. Shagon PlayStation ba shi da reshen Najeriya, don haka mai so sai ya buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila, ya sayi katin kuɗi a hannun 'yan kasuwa, ya biya farashin can da ribarsu a kai. Lokacin da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Wasan dala 70 ya tashi daga kusan naira 32,000 a wancan canji zuwa sama da 100,000 ba tare da wani kamfani ya ƙara ko senti ɗaya ba. A jihar da rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya ce kashi 87 cikin 100 na mutanenta na ƙarƙashin mizanin talauci, ƙarin dala 10 da ake ta ce-ce-ku-ce a kai ƙaramin abu ne kusa da abin da canji ya riga ya yi.

Kamfanonin da suka yi nasara a wannan kasuwa sun yi ta ne da ƙaramin awo. Madarar Cowbell ta shiga gidaje tun 1993 a ƙananan leda, Globacom ya girgiza kasuwar waya a 2003 da lissafin daƙiƙa maimakon minti. Mai gidan gem a Birnin Kudu ko Gwaram wannan hikima yake bi: ya sayi abu mai tsada sau ɗaya, ya sayar da shi ƙulli-ƙulli. Shi ma jarinsa ya hau. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024, wutar KEDCO kuma ba abin dogaro ba ce. Da zai ninka kuɗin karawa sau biyar kamar yadda fetur ya ninka, da benci ya zama wayam, domin yaran na da eFootball a wayoyinsu. Abin da ya rage masa shi ne ya ƙara kaɗan, ya rage mintunan wasa, ya jinkirta tayar da janareto sai layi ya taru.

A Janairun 2025 mai nazarin masana'antar Matthew Ball ya ruwaito cewa wasu kamfanoni na fatan a sa wa Grand Theft Auto VI farashi tsakanin dala 80 da 100, don su ma su samu hanyar ƙarawa. An ɗage fitowar wasan zuwa 19 ga Nuwamban 2026. Dala 100, a canjin naira 1,500, ta haura albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci a Jigawa. Idan wasan ya iso shagon da ke bayan tasha, mai shagon ne zai yanka masa nasa farashin, gwargwadon mintunan da yaro zai iya biya da kuma kuɗin litar fetur a ranar.